Na Kai Shekara 57 Ban San Daɗin Kiɗa, Zane Ko Girki Ba, Ko Na Makara?

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Tudun Wadan Zariya, shekarata 57, bara na yi ritaya daga aikin akanta. Na tashi a gidan da ba a kunna rediyo sai don labarai, abinci kuwa a ci a ƙoshi a tashi. 'Yata tana ajin ƙarshe a sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello. Kwanan baya ta gayyace ni baje kolin ayyukansu, ta kai ni gaban nata zanen, na tsaya na rasa ta cewa, sai bakina ya suɓuce na ce, "To, nawa za a sayi wannan?" Ta yi murmushi, amma tun ranar ba ta ƙara yi mini zancen aikinta ba. Da na ba uwargida labari sai ta ce ai ita ma shekara talatin tana girki, ban taɓa ce mata komai ba sai "na ƙoshi". A majalisa abokaina kan yi ta musu a kan makaɗan da, ni kuwa duk ɗaya nake jin su. Shin da irin wannan abu ake haihuwar mutum? In koyo ake yi, ban makara ba? Ina kuma tsoron shagala da almubazzaranci da girmana, ga fansho ba yawa.

Wani uba, Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam.

Bari in fara kwantar maka da hankali. Ba ka makara ba, kuma babu wanda aka haifa da sanin daɗin kiɗa ko kyan zane. Koyo ake yi, gemu kuwa ba ya hana ilimi. Ina ma da yaƙinin ka daɗe da koyon rabin abin ba ka sani ba.

Ga dalilina. Bazazzagin da ya kai shekarunka, in aka miƙo masa hula biyu, ɗaya ɗinkin hannu ɗaya aikin inji, ba sai an gaya masa wacce ce wacce ba. Zai juya cikinta ya duba yadda zare ya zauna, ya matsa ta a tafin hannu, ya ce wannan an yi mata aikin gaggawa. Wa ya zaunar da shi a aji ya koya masa? Huluna ya yi ta gani a masallaci da wurin ɗaurin aure, ya sayi mai kyau, ya sayi marar kyau ya yi da-na-sani, a hankali ido ya waye. Kai kuma akanta ne. Na tabbata akwai ranar da kallo ɗaya za ka yi wa shafin lissafi ka ji a jikinka akwai inda bai zauna ba, tun kafin ka ɗauki biro. Da wannan idon dai ake tsayawa gaban zane, haka kuma ake horar da kunne da harshe: a natsu, a maimaita, a gwada wannan da wancan. Shekara da shekaru natsuwarka tana wajen cefane da kuɗin makaranta, shi ya sa ba ka waiwayi sauran ba, kuma babu abin kunya a ciki. Yarinyar da ke riƙe da buroshi a jami'a can Samaru yau, guminka ne ya kai ta can.

Sai dai maganar 'yarka ba za ta jira ka gama koyo ba. Na gane abin da ke bayan tambayar da ka yi mata. Uba ne ke lissafin ko wannan karatu zai riƙe 'yarsa gobe. Ita kuwa abin da ya shiga kunnenta shi ne Baba bai ga komai ba sai farashi. Watanni ta yi a kan aikin nan, kuma a duk waɗanda suka je baje kolin, idonka ta fi jira. Kada ka bari shirun ya yi tsawo. Ka kira ta ita kaɗai, ba a gaban ƙannenta ba, da sunan da kake kiranta tun tana ƙarama, ka ce mata, "Ranar nan ban san yadda ake kallon irin aikinku ba, shi ya sa na yi waccan tambayar. Ina so ki sake nuna mini, ki koya mini." Wannan ba zai rage maka girma ko kaɗan ba. 'Ya'ya da yawa suna girma har su tsufa ba su taɓa jin irin wannan magana daga bakin uba ba.

In ta kawo zanen, a jingina shi a bango inda haske ke faɗa masa, ka sami kujera ka zauna. Yawancin mutane ko minti ɗaya ba sa ba zane, su wuce su ce ba su gane ba. Kai ka ba shi minti goma. Kada ka fara da "me wannan yake nufi?", don tambayar nan ce ke ɗaure wa mutane kai. Fara da abin da kake gani. Ina idonka ya fara sauka, daga nan ina ya nufa? Wane launi ne ya cika wurin, wanne ne ɗan kaɗan a lungu, wanda in ka rufe shi da yatsa sai ka ga sauran sun dushe? Ka matsa kusa har ka ga sawun buroshi, inda fenti ya yi kauri, inda ta goge ta sake. Ka ja da baya zuwa bakin ƙofa ka ga yadda waɗannan tabo-tabo suka haɗu suka zama abu guda. Sannan ka tambaye ta daga ina ta fara, wane wuri ya fi ba ta wuya, me ta so ta yi bai yiwu ba. Mai sana'a ya fi son irin wannan tambaya a kan "ya yi kyau" sau ɗari. In wani launi ya tuna maka da ramin marina, ko da sararin sama dab da saukar ruwan farko, faɗa mata haka. Kallon zane ke nan, ka fara.

Ka kuma sani ba baƙon abu ta ɗauko ba. A garin nan ne, a 1958, wasu ɗaliban zane a kwalejin da ta rikiɗe ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar da har yau ake yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Yawancin malamansu Turawa ne, suna koyar da su zane irin na Ingila. Su kuwa suka ce za su karɓi dabarar da hannu biyu, amma salo da abin zanawa daga gida za su ɗauko. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin mutanensa Urhobo. Ba a ba da tarihin zanen zamani a Najeriya a tsallake Zariya.

In gida za a koma, ai kai naka gidan cike yake. Ka ɗauke ta wata rana da hantsi ku shiga birni, ku nemi izinin masu kula da Masallacin Juma'a ku ga tsohon ginin Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda aka yi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Abin da ya rage na tsohon ginin yana cikin sabon da aka lulluɓe shi da shi. Mai yiwuwa ka sha yin salla a wurin ba ka taɓa ɗaga kai ba. Wannan karon ka ɗaga. Ka bi bakan gizo da ido tun daga inda ya taso a jikin ginshiƙi mai kauri har inda ya lanƙwasa ya haɗu da 'yan'uwansa a sama, ka tambayi kanka yadda aka yi ƙasa ta tsaya a can ba ta faɗo ba. Sirrin azara ne, wato tsagaggen itacen giginya da gara ba ta cika ci ba. Ana jera ta wata a kan wata, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har hannu biyu su haɗu a tsakiya. Lissafi ne tsantsa, Malam, irin naka, sai dai da laka aka rubuta shi. Ka dubi zanen da aka tono a jikin ginshiƙan, yadda inuwa ke kwanciya a cikin layukan. A nan kai ne za ka iya ba 'yarka labari, ita kuma ta nuna maka abin da idonta ya hango.

A hanyar dawowa ku riƙa duban fuskokin tsofaffin gidaje, a birni da ma nan Tudun Wada: zankwaye a saman soro, dagi a kan ƙofar zaure, wani wurin har takobi ko keke ko agogo magini ya fitar a jikin bango don a san mai gidan ya samu. Abin da ke ci mini rai shi ne kowace damina sai an rasa wasu, a rushe a sa bulo da kwano, babu ko hoto. Ku ɗauki hotonsu tun suna nan. In kun ga masu ɗinkin hannu a zaure sun shimfiɗa babbar riga a cinya, ku yi sallama ku zauna. Ka sa su nuna maka bambancin aska biyu da aska takwas, ka tambayi tsawon lokacin da riga ɗaya ke ci. Daga ranar kallon da kake yi wa rigar Sallah zai sake. Wanda kuma ke ganin fasaha ta 'yan boko ce ko ta masu kuɗi, ya juya bayan takardar naira ashirin. Matar da ke ginin tukunya a wurin Ladi Kwali ce, wadda ta koyi sana'ar a ƙauye tun tana yarinya, kuma jami'ar da 'yarka ke karatu ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Batun kiɗa kuwa, na san inda tsoronka yake. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan kayan kiɗa, wasu sun hana, wasu sun halatta da sharuɗɗa, haka ma zanen abu mai rai akwai magana a kansa. Fatawa ba aikin wannan fili ba ce. Ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa da tsoron Allahnsa, ka tsaya inda zuciyarka ta natsu. Amma ko da ka ɗauki ra'ayi mafi tsanani, kunnenka bai rasa wurin kiwo ba. Ka saurari sura ɗaya daga bakin makaranta biyu, ɗaya da ruwayar Warshu irin ta tsangayunmu, ɗaya da Hafsu, ka lura da inda kowanne ke ja da inda yake tsayawa. Lokacin tafsiri ka ba mai jan baƙi kunne na musamman. Ga kuma rubutacciyar waƙa da ake rerawa ba ganga ba kalangu. Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin nan na ƙasar Zazzau, ta ishe ka makaranta wajen gane amsa-amo da yadda baiti ke tafiya a kan ma'auni ba ya tuntuɓe.

In kuma ka natsu da sauraron makaɗan gargajiya, dalilin da ya sa kake jin su duk ɗaya shi ne a tasha da cikin mota da shagon mai shayi kake jin su, hankalinka na wani wuri. Zaɓi waƙa ɗaya tak, ka zauna da ita bayan la'asar, ka ji ta sau uku. A karo na farko bi gindin waƙar, wato layin da 'yan amshi ke komawa gare shi, ka ga yadda jagora ke barinsa ya yi nisa sannan ya dawo ya faɗa daidai inda ake jiransa. A na biyu ka manta da maganar gaba ɗaya, bi kiɗan kawai. A na uku sai ka koma kan kalmomi: ina kirari, ina zambo, ina habaicin da aka jefa wa wani ba a kama suna ba.

Kalangu ya cancanci ka gan shi da ido, a gidan biki ko wajen mahauta, don asali kiɗansu ne. Makaɗin ya rataye shi a kafaɗa, tsarkiyoyin da suka haɗa fatun biyu suna ƙarƙashin hammatarsa. In ya matse, fata ta ɗaure, murya ta hau. In ya saki, ta sauko. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa kalangu ke iya faɗin taken mutum, mai shi ya ji daga nesa ya san da shi ake. Ranar da ka fara tsintar magana a bakin kalangu, ba za ka ƙara kiransa hayaniya ba.

Daga nan sai gwadawa. A wurin Mamman Shata, 'yan amshi layi ɗaya suke riƙewa ba sa sakewa, shi kuma ya yi ta yawo a kansa yadda ya ga dama, kalangai na bin sa. A wurin makaɗan fada masu kotso, irin su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, 'yan amshi kan karɓe magana daga bakin jagora su ƙarasa masa, har su yi ƙari, sai ka ji muryoyi na miƙa wa juna baiti. Ɗanmaraya Jos kuwa shi kaɗai ne da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba amshi ba rakiya, magana ce ke ɗauke da komai. Hanya uku ke nan mabambanta, kuma da ka ji su a jere ba za su sake zame maka ɗaya ba. Shatan nan ma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Kiɗan ƙwarya irin na Barmani Choge kuwa, Hajiya uwargidanka za ka tambaya, ta fi ka sanin abin da mata ke faɗa wa juna a cikinsa.

In Sallah ta zo, kada ka tsaya kallon dawaki kawai. Ka matsa inda 'yan algaita suke ka dubi kumatun mai busa. Ya cika su da iska, yana shaƙa ta hanci yana turawa ta baki a lokaci guda, don haka sautin ba ya yankewa ko kaɗan. Ka ji yadda kakaki ke tsaga sama da gajeruwar magana, tambari kuma ka ji shi a ƙirji kafin kunne. A majalisa ma ka daina yin shiru. In wani ya ce wane ya fi wane, ce masa, "Kunna mini daidai wurin da ya sa ka faɗi haka." Za ka ga dattijo ya gyara zama yana murna, don masu son abu ba abin da suke so irin a tambaye su. Ƙaramar shawara a nan: lasifikar waya tana cinye muryar ganga, ka nemi 'yar rediyo ko lasifika mai ɗan kauri, kada ka ƙure ƙara. Kunne kuma yakan fara rasa siraran sautuka a irin shekarunmu. In ka lura magana na ɓace maka a cikin taro, ka je a duba maka shi a asibiti.

Yanzu ga wadda ta fi kowa haƙƙi a wasiƙarka. Hajiya ta faɗi magana mai nauyi, ta faɗe ta a saukake don kada ta ɓata maka. Shekara talatin tana tsaye gaban murhu. "Na ƙoshi" labarin cikinka ne, ita kuwa labarin hannunta take son ji.

Mu Zage-zagi Kanawa na yi mana ba'a da fate, to mu fara da shi, don faten tsaki na ƙwarai ba ƙaramin aiki ba ne. Ranar da ta dama, ka ajiye waya, ka kashe rediyo. Kafin cokali ya kai baki ka tsaya ka shaƙi tururin, domin yawancin abin da muke kira ɗanɗano ta hanci yake shigowa, shi ya sa mai mura ke cewa komai salam. Cokali uku na farko ka sha su a hankali ka nemi kowa da ke cikin kwanon. Tsamin yakuwa ne ke fara gaishe ka. Ɗacin gauta na biye, ɗan kaɗan, iya wanda zai hana tsamin yin yawa. Gyaɗa ta kwantar da su duka da maiƙonta, daddawa na can ƙasa tana riƙe da kowa, yajin attarugu sai daga baya yake tasowa a maƙogwaro. Tsakin kansa ya nuna amma bai narke ya zama kunu ba. Duk wannan awo ne, kuma ba da sikeli take yin sa ba, da ido da hanci da tafin hannu take yi, tana gyarawa gwargwadon yakuwar da aka samu ranar, ko sabuwa ce ko busasshiya. In ɗaya ya zarce, fate ya tashi daga aiki. Sau dubbai tana daidaita wannan a gabanka.

A nan ma gwadawa ce malama. Ka roƙe ta wata rana ta yi miyar kuka da daddawar kalwa ta asali da man shanu soyayye, wata rana kuma da dunƙule zalla, ka ji bambanci. Daddawar nan ƙwayar ɗorawa ce ake dafawa ta daɗe a wuta, a surfe, a wanke, a rufe ta kwanaki har ta ruɓa yadda ake so, sannan a daka a shanya. Wannan jiran ne ke ba ta zurfin da dunƙule ba ya da shi. Ka sha furar gero da aka daka da citta da kanumfari aka dama da kindirmo, ka sha wadda aka dama da madarar gari. Ka sa mazarƙwaila a kunu maimakon sukari, ga ta nan ana kawowa daga ƙauyukan rake na wajen Maƙarfi. Ka bi Hajiya kasuwa ko sau ɗaya, Sabon Gari ko ta birni, ka riƙe mata jaka ka ga yadda take karya bakin kuɓewa don ta san ɗanya ce, yadda take sunsuna daddawa ta ajiye ta ɗauki wata. Af, in kuka rage gishiri da dunƙule, makonnin farko abinci zai yi maka lami, daga baya harshe ya saba ya fara jin abubuwan da gishirin ya danne. A shekarunka wannan riba biyu ce, don hawan jini ba ya shiri da gishiri.

Amma ga kashedi, kuma da gaske nake. Kada sabon ilimin ya mayar da kai alƙalin tukunya. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa kushe abinci ba. In yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Mutumin da ya yi shiru shekara talatin, bai kamata kalmarsa ta farko ta zama "gishiri ya yi yawa" ba. Ka fara da yabo, yabo mai suna, wanda zai nuna ka lura: "Hajiya, yau tsamin yakuwar nan ya zauna daidai," ko "Wannan wainar gefenta ya soyu, cikinta kuma laushi." Za ta iya yin dariya ta ce yau kuma me ya same ka. Gaya mata gaskiya, maganarta ce ta shige ka. Ka kuma tambaye ta abincin da ta ci a gidansu tana yarinya wanda yanzu ba a yi, ka kawo kayan haɗin ta gwada. Tsofaffin mata na tafiya da girke-girke da yawa a ka, ba wanda ya rubuta.

Zariya gari ne na baƙi, don haka in ka ga dama ka leƙa tukunyar maƙwabta. Ga acca ta mutanen kudancin Kaduna da Filato, ga amala, ga miyar agushi, duk ana samu a Samaru da Sabon Gari a wuraren da ka natsu da yankansu da tsabtarsu. Abin da harshe bai saba da shi ba yakan ƙi shi a karon farko, wannan ɗabi'ar ɗan Adam ce, haka ma kunne da ido. Ka ba abu dama sau da yawa kafin ka yanke masa hukunci. Wani zai shige ka, wani kuwa har abada ba zai shiga ba, ba laifi. In ka saurari makaɗin da duk majalisa ke yabo, ka ba shi haƙƙinsa na natsuwa, ka ji bai yi maka ba, faɗi haka ba tare da jin kunya ba, ka kawo dalilinka. Abin da ba na so ka koya shi ne gyaɗa kai a gaban abin da ba ka ji ba don a ce ka waye. 'Yarka za ta gane, Hajiya ma haka.

Saura almubazzaranci. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta ce a ci a sha kada a yi ɓarna, ayar da ke bi mata kuma ta yi tambaya a kan wanda ya haramta ƙawar da Allah ya fitar wa bayinsa da daɗaɗan abubuwa na arziki. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau. Iyakar a fili take: kada abin ya ci maka lokacin salla, kada ya ja ka ga alfasha, kada ya kai ka ga bashi ko taɓa haƙƙin iyali. Ka duba duk abin da na lissafa maka, in ka cire kuɗin Keke Napep zuwa birni da na daddawa, babu inda fansho zai ji ciwo. In kuma wata rana Allah ya hore 'yan kuɗi, ka tambayi 'yarka irin fenti da ƙyallen zanen da ke yi mata tsada ka sayo mata, ko ka ba mai ɗinkin hannu aikin hula ɗaya ka biya shi yadda ya faɗa ba tare da dogon ciniki ba, don wahalar idonsa da yatsunsa ta fi abin da ake ba shi.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya yi wa zuri'a albarka. A gaida Hajiya.